Ɗana na makokin wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Ɗana na fari, shekararsa 15, yau sati uku ke nan ya canza mana. Wai wani ɗan Amurka mai wasan kwamfuta a YouTube, Technoblade ake ce masa, shi ne ciwon daji ya kashe. Ranar da labarin ya fito a ɗaki ya yini, ko tuwon dare bai taɓa ba, kuma ko yawon Sallah bai fita ba. Har yanzu in na leƙa cikin dare sai in tarar da shi da waya yana kallon tsofaffin bidiyonsa, wani sa'in dariya, wani sa'in hawaye. Babansa ya yi masa faɗa, ya ce mutumin da bai san da zamanka a duniya ba, ba addininku ɗaya ba, hotonsa ma na alade ne. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bara mahaifiyata ta rasu, ita ta yaye shi, amma ban ga ya yi irin wannan kukan ba. Kwanan nan kuma ya fara cewa kafaɗarsa na ciwo. In ƙwace wayar ne, ko in kai shi asibiti?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya sa Aljanna ce makomarta. Wayar ki bar masa tukuna. Maganar asibiti zan zo kanta, amma tun daga nan ki kwantar da hankalinki: a abin da kika zayyana, yaronki makoki yake yi, kuma sati uku ba su yi yawa ga makoki ba.

Aikina shi ne ganin yara da matasa a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, don haka dole ta sa nake sanin irin mutanen da suke kallo, ko da ni ba sa burge ni. Wannan sunansa na gaskiya Alex, an haife shi ranar 1 ga Yuni, 1999, ya rasu yana da shekara 23. Wasan da ya yi suna a kai shi ne Minecraft, wanda ake gina gidaje da garuruwa da tubala, a yi noma, a yi yaƙi. Mutum fiye da miliyan 10 ke bin sa. Da wuya yake nuna fuskarsa. Abin da ake gani shi ne wancan aladen mai kambin sarauta da babansa ya ambata, sai kuma muryarsa, wata irin murya ce shimfiɗaɗɗiya, yana zuba barkwanci kamar mai karanto farashin hatsi a rediyo. Ya taɓa shafe watanni yana gasa da wani a kan wa zai fi noman dankali a cikin wasan, miliyoyi suna bi kamar ana wasan ƙarshe na kofin duniya. Kuma yana da kirarin da yake yi wa kansa in ya tsallake rijiya da baya: Technoblade ba ya mutuwa. Ki riƙe wannan kirarin, domin yana cikin abin da ke cin ɗanki.

A watan Agusta na 2021 ya sanar da cewa yana da ciwon daji. Ya ce hannunsa na dama ne ya fara ciwo, ya ɗauka gajiyar wasa ce, ya huta kwana biyu, sai kafaɗar ta kumbura, aka yi hoto aka ga ƙari. Nau'in da ake kira sarkoma ne, dajin da ke tsirowa a ƙashi ko tsoka da sauran naman da ke riƙe jiki. Aka yi masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, aka yi gashi. A watan Disamba ya fito yana ba da labarin yadda saura ƙiris a yanke hannun, amma likitoci suka yi tiyata suka cire ƙarin suka bar masa hannunsa. Duk wannan cikin raha ya faɗe shi, yana tsokanar kansa. Shi da mabiyansa suka tara wa gidauniyar masu wannan ciwo ta Amurka dubban ɗaruruwan daloli. Daga nan sai ya riƙa fitowa jefi-jefi. Ranar 30 ga Yuni, 2022, wato mu nan wayewar garin Juma'a 1 ga Yuli, aka sa bidiyo a shafinsa, sai ga wani dattijo zaune a kujera rungume da ɗan farin kare. Mahaifinsa ne, yana karanta saƙon da ɗan ya rubuta a gadon jinya kimanin awa 8 kafin rai ya yi halinsa. A rubutun da mahaifiyarsa ta sa a ƙarshen bidiyon ne yawancin mabiyansa suka fara jin cewa ciwon ya kai mataki na huɗu, wato ya riga ya bazu.

To duba nan, Hajiya. A lissafin iyalansa jinya ce ta kusan shekara, sun ga ramewa, sun ga amai, sun ga ranar da ya kasa tashi. A lissafin ɗanki kuwa mutuwar fuju'a ce. Abin da aka nuna masa kawai shi ne mutum na wasa da dariya, an yi aiki an yi nasara, ga kirari na cewa ba ya mutuwa. Wanda ke jinyar ɗan'uwansa a gida zuciyarsa tana fara makoki tun mai ciwon na da rai, kullum tana ɗan rage nauyin, shi ya sa za ki ji an ce ai ya huta. Mai bin jinya ta waya ba ya samun wannan, domin mai ciwon ne ke zaɓar abin da zai nuna, kuma kusan kowa ranar da ya ji dama-dama yake kunna kyamara. Ban ga laifinsa ba. Haƙƙinsa ne ya rufa wa kansa asiri. Amma nauyin da ya ɗauke wa mabiyansa tsawon wata goma, a safiya ɗaya ya faɗo musu gaba ɗaya.

Kwana biyu kafin fitowar wancan bidiyon, wata mata 'yar Ingila mai suna Deborah James ta rasu tana da shekara 40, bayan fiye da shekara biyar tana ba da labarin dajin hanjinta a intanet. Ita ranar 9 ga Mayu ta fito fili ta ce magani ya ƙare, ta koma gidan iyayenta jiran lokaci. Mabiyanta suka samu sati bakwai suna ban kwana, suka tara fiye da fam miliyan 6 don binciken ciwon daji, har Yarima William ya je gidan ya ba ta lambar girma. Sun yi kuka su ma, amma kukan wanda ya raka matafiyi tasha ne. Ɗanki farkawa ya yi ya tarar mota ta tashi.

Sai maganar babansa, cewa mutumin bai san shi ba. Gaskiya ne, bai san shi ba. Amma wannan ba sabon abu ba ne da wayar zamani ta kawo. Tun 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu a kan yadda masu sauraron rediyo da kallon talabijin ke shaƙuwa da mai gabatar da shiri har su ɗauke shi kamar aboki. Ni nakan kira ta shaƙuwar gefe ɗaya. Zuciyar ɗan Adam da murya take sabawa, da yawan haɗuwa, da wanda ya sa ta dariya. Ba ta tsayawa ta tambaya ko shi ma ya san ni. Ki tuna ƙarshen 2014 da Ibro ya rasu. Mata nawa ne suka share hawaye a tsakar gida, magidanta nawa suka yi jugum a majalisa, alhali ko hanyar garinsu ba su sani ba? Babu wanda ya ce musu sun zautu. Bambancin kawai shi ne Ibro kowa ya san shi, ana iya cewa juna ya muka ji da haƙuri.

Kuma shaƙuwar YouTube ta fi ta fim kama jiki. Ɗan fim yana magana da abokin wasansa ne, kai kana leƙe. Wannan kuwa da kai yake magana, cikin kunnenka, kana kwance a kan katifarka. Ki ƙiyasta: in ɗanki ya fara bin sa tun lokacin kullen korona na 2020, sa'adda aka rufe makarantu watanni, ba ƙwallo, ba zuwa gidan abokai, to shekara biyu ke nan, daga 13 zuwa 15. Ko rabin awa yake ba shi a rana, an haura awa 300. Ki lissafa kawunnansa da baffanninsa, wa ya zauna ya yi hira da shi ta awa 300 a wannan tsakanin? Ban faɗa don in ɗora wa kowa laifi ba, haka rayuwar ta zama. Ga kuma shekarun: a wannan ganiyar yaro ke neman wani a waje da gida da zai ce ina ma ni ne. Ya samu wani mai wayo, mai iya magana, wanda ba a cin sa a wasa, kuma tazararsu shekara takwas ce kacal. Yayansa ne a zuciyarsa.

Yanzu ga abin da na san shi ne ainihin ciwonki, maganar mahaifiyarki. Kada ki auna soyayya da yawan hawaye, ma'aunin ƙarya ne. Ranar da kakarsa ta rasu, gidan cike yake. An yi wanka, an yi sutura, wataƙila har da shi aka ɗauki makara. Ya ga kabari, ya watsa ƙasa. Kwana uku ana shimfiɗa tabarma, ana shigowa ana gaisuwa, ana addu'a, ana kawo abinci daga maƙwabta, shi kuma ana aikensa sayo ruwa da kwashe kwanuka. Duk wannan hidimar da muke gani kamar al'ada ce kawai, aiki take yi a zuciya: tana tabbatar wa mutum an mutu, tana ba hannunsa abin yi, tana raba nauyin ga mutane da yawa. Ga shi namiji, ɗan fari, yana ganin mahaifiyarsa a karye. Yaro mai hankali a irin wannan ranar haɗiye nasa yake yi don kada ya ƙara miki. Kuma tsohuwa ce, tun yana ƙarami ya san tsofaffi suna tafiya. Mutuwar ɗan shekara 23 wani darasi ne daban, shi ne ranar da yaro ke gane cewa layin bai bin shekaru, shi ma yana ciki.

Sau da yawa kuma kukan biyu ne suka haɗu a ƙofa ɗaya. Na taɓa ganin wata yarinya, ba ta wuce 16 ba, da aka kawo min saboda ta daina cin abinci bayan mutuwar wata mai bidiyon kwalliya da take bi. Zama biyu muna maganar wannan baiwar Allah, tana nuna min hotunanta a wata waya mai fasasshen gilashi, tana share fuskar wayar da gefen hijabinta kafin ta miƙo min. A zama na uku na tambaye ta wa ya saya mata wayar. Sai ta yi shiru, ta kifa ta a cinya. Yayarta ce, wadda ta rasu wajen haihuwa shekara guda kafin nan, kuma a lokacin kowa ya yaba mata da dauriya. Ba mu sake komawa kan mai kwalliyar ba. Ba na cewa lallai haka ne ga ɗanki, amma kada ki yi mamaki in wata rana ana cikin hirar Alex ya ɓuge da maganar kakarsa. In hakan ta faru kada ki ce ashe dai, ki bar shi ya ci gaba.

Wani masani mai suna Kenneth Doka ya fitar da suna a 1989 ga irin baƙin cikin da jama'a ba su yarda mutum na da hurumin yin sa ba, kamar na matar da ta yi ɓari, ko wanda tsohuwar matarsa ta rasu. Da Hausa sai in ce makokin da ba a shimfiɗa masa tabarma. Irinsa ya fi daɗewa, domin mai shi yana fama da rashin, yana kuma fama da kunya. Ɗanki ba gawa, ba jana'iza, ba wanda ya ce masa sannu. Wurin zaman makokinsa ɗaya ne tak, ƙasan wancan bidiyon, inda dubban yara irinsa daga ko'ina a duniya ke rubuta abin da ke ransu. In kika ƙwace wayar yau, kin tashe shi daga wurin gaisuwa ne, kin kuma tabbatar masa cewa a gidan nan ba a fahimce shi ba.

Game da babansa, ki same shi a keɓe, ba a gaban yaron ba. Hukuncin yi wa wanda ba Musulmi ba addu'a fagen malamai ne, ba nawa ba, kuma in yaron ya tambaya a kai shi wurin malami mai sanyin hali. Amma jin zafin mutuwar mutum daban ne da wannan hukuncin. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa an wuce da gawa Annabi (SAW) ya miƙe, aka ce masa ta Bayahude ce, ya ce shin ba rai ba ne? Wanda ma ya fi dacewa da ku shi ne labarin ƙanin Anas, Abu Umair, yaro ƙarami mai ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa, Annabi ya kula, ya tambaye shi labarin tsuntsun nasa. In an tsaya wa yaro a kan tsuntsu, to ɗanku bai nemi abin da ya wuce ƙima ba. Shi kuwa aladen, zane ne na cikin wasa, ba abin da yaron yake so ba ke nan; kada a tsaya a kansa.

Inda nake tare da ku shi ne kallon dare. Kallon tsofaffin bidiyo ba laifi ba ne, daidai yake da ki ɗauko zanin mahaifiyarki ki shinshina, kuma dariyar da kike ji alamar lafiya ce. Matsalar ita ce YouTube bai san an yi mutuwa ba. In ka kalli ɗaya zai turo maka goma, ya haɗa da waɗanda wasu suka harhaɗa da kiɗan tausayi don su ma su samu masu kallo, kuma a can muryar tana nan da ranta kullum. Zani kikan ninke ki mayar akwati, wannan kuwa ba ya ninkuwa da kansa. Ga rashin barci, wanda shi kaɗai ya isa ya jefa matashi cikin ƙunci. Don haka ku yi yarjejeniya: da rana ya kalla, ƙarfe goma na dare waya ta kwana a ɗakinki. Ki faɗa masa dalilin barci ne, ba hukunci ba ne. In ya nemi kuɗi don ba da gudummawa, ki zauna da shi ku tabbatar da inda za su. Duk bayan irin wannan mutuwar 'yan damfara kan buɗe shafuka da sunan mamacin.

Kafaɗa kuma. Mafi kusa shi ne tsoro ne ya sauka a jiki. Ya ji yadda abin ya faro wa Alex, sai ya fara sauraron tasa kafaɗar, kuma duk gaɓar da ka zuba wa ido za ta yi magana, balle ga mai kwanciya a gefe ɗaya riƙe da waya. Ciwon na gaske ne, ba ƙarya yake yi ba. Sarkoma ba ta da yawa, kusan 1 cikin 100 na dajin manya ce, sai dai dajin ƙashi yakan fi zuwa a shekarun tsawo, galibi kusa da gwiwa ko saman hannu, saboda haka ba zan ce ki share ba. Ki kai shi likita ya duba sau ɗaya, da kyau. Abin da muke nema shi ne kumburi ko ƙullutun da ke girma, musamman in ya kai santimita 5, wajen girman ƙwan kaza. Ciwon ƙashi a wuri ɗaya da ke tashinsa daga barci, yana ƙaruwa mako bayan mako. Ramewa ko zazzaɓi ba dalili. Ko karaya daga ɗan bugu kaɗan. In akwai ɗaya daga ciki a yi hoton ƙashi ba jira, kuma kada a fara da mai ɗori, don a nan ne yawancin masu wannan ciwo a wajenmu ke ɓata watannin da suka fi tsada. In likita ya ce lafiya, to a tsaya nan. Yawo daga wannan hoto zuwa wancan yana ciyar da tsoron ne.

Yaushe ne za ki kawo shi wurin irinmu? Ƙa'idojin da muke aiki da su ba sa kiran baƙin cikin yaro ciwo sai ya haura wata shida yana hana shi rayuwa, kuma da wuya irin wannan rashin ya kai can. Yawanci cikin 'yan makonni za ki ga yana dawowa: ya ci abinci, ya fita ƙwallo, ya yi faɗa da ƙannensa. Abin da ba a jira da shi shi ne in makokin ya rikiɗe ya zama ciwon damuwa: sati biyu ko fiye ba abin da ke faranta masa, har abubuwan da ba su shafi Alex ba, yana ramewa, ya yanke abokai, ya daina wanka, karatu ya zube. Mafi girma, in ya fara cewa rayuwa ba ta da amfani, ko gara shi ma ya tafi. A nan ki tambaye shi kai tsaye, da bakinki, ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin, an bincika wannan an tabbatar. Sauƙi ma take kawowa. In ya ce e, ki kawar da magunguna da fiya-fiya da maganin ɓera daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, ku tafi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa duk suna da wannan sashe.

Abin da zan so ki yi a daren nan ƙarami ne. Bayan isha, in babansa ya fita, ki shiga ɗakinsa ki zauna a bakin katifa, ki ce masa: ashe rashi ka yi, ban yi maka gaisuwa ba, ya haƙuri? Zai iya yin dariyar kunya, zai iya juya miki baya. Ki zauna dai. Sannan ki ce ya nuna miki bidiyon mahaifin Alex, bai kai minti bakwai ba, kuma ko kina jin Turanci ki ce ya riƙa tsayarwa yana fassara miki da Hausa. Har yau da Turanci yake wannan makokin, shi kaɗai, a cikin kansa. Akwai wurin da uban ke ba da labarin yadda ya durƙusa a gefen gado ya ce wa ɗansa ya yi abin da ya isa, in yana so ya huta ya huta, amma in akwai saƙon da yake son rubutawa kada ya jira a samu sauƙi. Ina zaton a nan muryar ɗanki za ta sarƙe. Kada ki ƙarasa masa jimlar, kada ki ce ya isa. Ki ajiye kwanon abincinsa kusa, ki jira ya gama.